Kada Ka Yi Wa Fiyus Dairek

Glenwood, Greensboro

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uban da ɗansa ya fi shi tsawo, ya fi shi Turanci, amma har yau bai fi shi cin tuwo ba. Allah ya kai ka duwatsun nan lafiya, ya sa ka fara aikin awon hanyar nan a sa'a, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin wuta. Wutar kuwa ita ce ta zaunar da ni da biro a hannu.

Za ka yi mamakin tsintar takarda a durowar cokula, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka. Dalili shi ne, duk sanda na buɗe baki zan yi maka magana sai ka ce, "Oke, Baba," irin oken nan mai nufin tsoho ya yi shiru haka nan. A takarda ba ka da halin katse ni. Da gangan kuma na yi ta da Hausa, don na san sai ka bi ta a hankali kana haɗa baƙi, kamar yadda nake fama da takardun inshora. Rubutun ka yi haƙuri da shi. Aji biyu na yi a sakandare, shi ma na biyun rabinsa a bayan katanga na yi shi.

Jiya da la'asar, muna loda kayanka a cikin kampa, tirelar kwanan nan da ake ja da mota, fitilun ciki suka ɗauke. Kafin in ce uffan ka durƙusa, ka ɗaga katifar kujera, ka buɗe akwatin fiyus, ka zaro wanda ya ƙone. Har na fara jin daɗi a raina, na ce yaron nan ya san inda ake dubawa. Sai na ga ka sa hannu a aljihu ka fiddo takardar cingam mai ƙyallin nan, kana naɗa ta a ƙafafun fiyus ɗin.

Na ce, "Kai, me kake yi haka?"

Ka ce, "Dairek mana, Baba. Yadda kake yi."

Kana murmushi, kana jiran in sa maka albarka. Ummanka tana tsaye a bakin ƙofa da robar yaji a hannu, shi ya sa na yi dariya, na karɓe takardar, na ce ai ta cingam ɗin zamani ba ta da auki. Na sa sabon fiyus, wuta ta dawo, kowa ya koma kan aikinsa. Amma Abba, dariyar nan iya baki ta tsaya. Da aka kawo abinci kasa ci na yi. Ummanka ta ce ko olsar ce ta tashi, na ce e, ita ce.

Bari in gaya maka abin da za ka riƙa kwana a ciki. Kampa ɗaki ne mai taya da aka haɗa da falankin katako marar kauri, da soso, da gam, da labule. Ummanka ba ta yi ƙarya ba da take kiranta akurki. Ƙofarta ɗaya ce, gadon kuma yana can ƙurya, nesa da ƙofar, ga tukunyar gas a gaba. In wuta ta kama cikin bangonta ba ta jiran mutum ya nemo takalmi. Inda kamfanin nan zai ajiye ku kuwa, a gefen hanyar da ba a gama ba, babu maƙwabcin da zai kwarma ihu ya ce gobara, babu wanda zai rugo da bokiti. Kai ne da Allahnka da wayoyin da ubanka ya taɓa. Na ukun nan shi ke ba ni tsoro.

Kana firamare na jawo kampar nan gida. Wani tsohon Bature ne ya kawo ta wurin sayar da motocin da nake wankewa a High Point Road, ya ce ya gaji da ita. Arhar da ya yi mini ya kamata ta sa in tsaya in yi tunani, amma ni tuni na hango kaina a bakin teku ina kurɓar shayi kamar mai kamfani. Abin da ya ƙara mini ƙarfin hali kuwa, ai ni riwaya ne. Na yi zaman koyon gyaran wutar mota a Ƙofar Ruwa a Kano, a hannun Oga Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa. In za a faɗi gaskiya, yawancin zaman nan sayo shayi da riƙe tocila na yi. Amma da na zo Amurka na duba hagu na duba dama ban ga mai ƙaryata ni ba, sai na zama cikakken riwaya.

Washegari na sayo sabon batir. Na duba gaban kampa, na ga waya biyu, ɗaya fara ɗaya baƙa. Malam Isufu, abokin nan nawa ɗan Damagaram mai tuƙa tasi, yana tsaye yana cin gyaɗa. Ya ce, "Malam Sule, ba ka duba takardarta tukuna? Kuran na Nasara, wutar nan tasu, ba shi da wasa fa."

Na ce, "Isufu, kai dai tsaya ga tasinka. Baƙar waya ai ta ƙasa ce ko a Makka."

Haka na sani a gida, ja ita ce mai wuta, baƙa ita ce ta ƙasa. Na ɗaura baƙa a kan negetif, na kai fara kan fozitif. Sai ɗas! Tartsatsi ya tashi, ƙauri ya biyo. Isufu, mutumin da kullum yake kukan ciwon gwiwa, ya watsar da gyaɗa ya tsallake shingen maƙwabta. Daga can ya leƙo ya ce, "Injiniya, an gama aikin ko da saura?"

To ka riƙe wannan. A kampa, fara ita ce ta ƙasa, baƙa ita ce mai wuta. Ban san wanda ya yanke wannan hukunci ba, kuma ba a nemi shawarata ba. Na naɗa jan salatif a jikin baƙar don kada idonka ya ruɗe ka ranar da za ka canja batir kana gajiye. Abin da ya cece ni ran nan wasu fiyus ne a jikin kwanbata, su suka ƙone maimakon ita. Ko a lokacin ban gode musu ba, zaginsu na yi.

Kwanbatar nan akwati ce a ƙarƙashin kujera, kusa da fiyus, wadda ke ƙugi a hankali kamar kyanwa. Wuta iri biyu ce a kampa. Akwai babba, irin ta gida, wadda ke shigowa ta igiyar da kake jonawa a turken wutar sansani. Ita ke ba soket-soket, kuma bireka, makunnin nan mai kashe kansa in wuta ta yi yawa, ke tsaronta. Wannan tana kisa, kada ka buɗe komai nata sai ka zare igiyar daga turke da hannunka, ka ajiye kanta inda idonka ke gani. Akwai kuma ƙarama ta batir, ita ke kunna fitilu da famfon ruwa da fanka. Kwanbata ita ke karɓar babbar ta mayar da ita ƙarama, ta kuma cika batir. Ƙaramar nan ba ta jan mutum in ya taɓa ta, shi ya sa na raina ta shekara da shekaru. Ba ta ja, amma tana iya mayar da waya ja wur kamar ƙarfen maƙera.

Fitarmu ta farko da kampar ko titin Wendover ba mu wuce ba. Ranar Asabar ce da hantsi, motoci cunkus, ina jan kampa da tsohuwar a-kori-kurata ina jin kaina. Ashe a baya wani biki ake. In na taka birki sai sigina ta kama ƙiftawa, in na ba da siginar hagu sai fitilun duka su ɗauka tare. Ni ban sani ba sai da na ga shuɗiyar fitilar 'yan sanda a madubi. Na faka. Na ɗora hannu biyu a sitiyari kamar yadda 'yan'uwa suka koya mini tun zuwana. Ummanka ta kama Hasbunallahu a ƙasan maƙoshi. Ƙanwarka Zulai, tana 'yar mitsitsiya, ta ce da ƙarfi, "Baba, kai ma kurkuku za a kai ka?" Wannan "kai ma" har yau ban san inda ta samo shi ba.

Ɗan sandan mutumin kirki ne, gargaɗi kawai ya yi mini. Amma da ya sunkuyo ta taga, ɗan Turancin da na tara duk ya gudu ya bar ni. Abin da ya rage a bakina "Yes sa" ne. Ya tambaye ni ina za mu, na ce yes sa.

Na koma gida na canja ƙwayayen fitilun baya kaf, lafiyayyu da marasa lafiya, bikin bai tsaya ba. Ashe farar wayar nan ce, inda aka ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen gaban kampa, tsatsa ta cinye. Wuta tana son hanyar komawa gida. In ta je fitila ta yi aikinta, sai ta biyo farar waya da jikin ƙarfe ta koma batir. In an toshe mata nan ba ta haƙura, sai ta bi ta gidan maƙwabta, ta kunna fitilar da ba a aike ta ba. Saboda haka duk sanda ka ga fitila tana rawa, ko ta yi dishi-dishi, ko ka kunna wannan waccan ta amsa, kada ka fara da ƙwai. Kwance notin farar waya, ka goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, ka mayar ka ɗaure tam, ka shafa ɗan giris. Ka leƙa filogin da ke haɗa kampa da mota, in bakinsa ya yi kore ka kankare shi.

Kuma kada ka ja ta ko nan da can sai ka gwada fitilun baya. In babu mai tsaya maka, ka tokare birki da sanda ka zagaya ka gani da idonka. Ba tarar nake tsoro ba. Ni ran nan ina da mata da yara a mota, ga fuskar wawa da Allah ya hore mini. Kai saurayi ne, baƙi, kai kaɗai, a hanyar dutse inda ba a saba ganin irinka ba, ga bakinka ba ya iya cewa yes sa ya tsaya a nan. Kada ka ba kowa dalilin tsayar da kai saboda ƙwan fitila.

Yanzu bari in zo kan dairek.

A wurin Oga Ɗanjuma ba a sayen fiyus. In ya ƙone sai ya ce, "Sule, ba ni takardar sigari," ya naɗa, ya tura, mota ta tashi, mai mota ya yi godiya ya tafi. In babu sigari, silin waya ma ya isa. Ba mugunta ba ce, fiyus ɗin ne babu, kuma direba yana da fasinja suna jira. Amma mota ƙarfe ce, ƙofofinta huɗu, direba kuma idonsa biyu. In ya ji ƙauri zai tsaya ya fizge kan batir. Ni sai na ɗauko wannan ilimi na ƙetaro teku da shi, na shigar da shi ɗakin katako inda 'ya'yana ke barci.

Ka san labarin tafkin nan da muka je hutun bazara, ka sha jin sa a bakina. Amma yadda ka ji shi ba haka ya faru ba, ko in ce haka ya faru, sai dai na cire masa ƙashi.

Da safe Ummanka ta ce ba ta da inda za ta rataye mayafi. Na ɗauko maratayi da dogon sukuru, na ɗaure shi a bangon da ke saman gado. Ban san waya ta bi ta nan ba. Bakin sukurun ya huda rigarta ya taɓa ƙarfen jikin kampa. Na kunna fitila, fiyus ya ƙone. Na sa wani, ya ƙone. Na ce ai fiyus ɗin Amurka ragwaye ne. Na cire mai lamba sha biyar na sa mai talatin, ya ɗan yi ƙoƙari, shi ma ya tafi. Sai na yagi takardar ƙyallin da aka naɗo nama a ciki, na yi masa dairek. Fitila ta kama, ba ta da haske sosai, amma ta kama. Kai ka yi mini tafi. Na ce da Ummanka, "Kin ga amfanin auren mai sana'a."

Bayan azahar muka fita gashin nama a gindin bishiya. Zulai ta yi barci a kan gadon, aka bar ta a ciki. Ina juya nama ina ba ku labari, sai Ummanka ta ɗaga hanci ta ce, "Malam, ban da nama me ka ɗora a wuta?"

Na ce, "Gawayin Bature ne, haka yake wari."

Ta ce, "Wannan roba ce."

Ba ta rufe baki ba ta miƙe, ni ma na miƙe, na riga ta zuwa ƙofar. Abba, hayaƙi ne ke fitowa ta gefen maratayin nan, siriri, ba gaggawa. Bangon ya yi wani tabo ruwan ƙasa yana faɗaɗa ina kallo. Kan Zulai yana ƙasansa daidai. Tana barcinta, bakinta a buɗe, babban yatsa a gefen kumatu. Ban san sanda na kama ƙafarta na fizgo ta ba, har kanta ya bugi gefen kabad, ta farka tana tsala ihu. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ran nan ba. Na miƙa wa Ummanka ita, na zare igiyar turke, na fizge wayar batir da hannu, ita ce ta bar tabon da ke tafin hannuna na dama. Na fasa bangon da sukudireba. Wayar ta narke rigarta tun daga saman gado har kusa da kujera, katakon da ke bayanta ya zama gawayi. Da Ummanka mura take yi ran nan, da yanzu wani labarin ake.

Muka dawo Greensboro. Sai da na kashe mota a ƙofar gida Ummanka ta ce, "Sana'ar nan taka, a bar ta a Ƙofar Ruwa."

Ka san halina. Abin da ya fi ƙarfina dariya nake mayar da shi. Sati bai zagayo ba na fara ba da labarin a wajen masallaci, ina kwaikwayon yadda na yi tsalle, ana riƙe ciki. Ranar Sallah in an taru a gidanmu sai an ce in maimaita. Kullum ina faɗin naman da ya ƙone da gudun da na yi da silifa ɗaya. Ban taɓa faɗin inda kan Zulai yake ba. Kuma ko bayan nan ka sha ganina ina yi wa rediyon mota dairek, ina cewa na wucin gadi ne. To me zai hana ka ɗauka abin gwaninta ne? Jiya da na ga takardar nan a hannunka, sai na gane labarin da na ba ka ka haddace, ba wanda ya faru ba.

Fiyus ba lalacewa yake ba in ya ƙone. Aikinsa ke nan. An yi shi siriri da gangan don ya mutu kafin waya ta yi zafi. In ka naɗe shi da takarda, ko ka sa wanda ya fi lambar da aka rubuta, ba ka gyara komai ba, ka dai mayar da wayar cikin bango ta zama ita ce fiyus. Sha biyar a gurbin sha biyar, goma a gurbin goma. Na cika maka gwangwanin madara da su, kowane launi da lambarsa. In sun ƙare kuma gari ya yi nisa, ka zauna da tocila. Duhu bai taɓa ƙona kowa ba.

In fitila ɗaya ce ta mutu sauran suna ci, fiyus ba ruwansa. Cire murfin, ka duba ƙwan, ka gwada shi a wata fitilar. In yana da rai, to gindin da yake zama ne ya yi datti, ko makunnin ya gaji. In za ka sayi ƙwai ka tafi da tsohon a aljihu ka sayi irinsa sak. Na taɓa sa wanda ya fi shi ƙarfi a kicin don Ummanka ta riƙa ganin tsakuwa a shinkafa, murfin robar ya narke ya zubo kamar alewa. In kuma fitilun gefe guda ne suka ɗauke tare, to nan ne za ka je akwatin fiyus. Testa tana cikin gwangwanin, mai kama da sukudireba da wutsiya. Maƙala wutsiyar a jikin ƙarfe, ka taɓa bakin a kafaɗun fiyus biyun. In ta yi haske a ɗaya ba ta yi a ɗayan ba, shi ne mamacin. In kuwa komai ne ya mutu gaba ɗaya, har famfo, kada ka tsaya zare su ɗaya-ɗaya kamar mai tsince wake, yadda na taɓa yini ina yi. Fita ka duba kan batir ko ya saki ko ya yi farin gari, sannan ka bi baƙar waya kaɗan, akwai wani babban fiyus a ɓoye kusa da batir ɗin. Ka kuma kasa kunne ko kwanbata tana ƙuginta. In ta yi shiru, duba bireka da turken sansani.

Wanda ya fi duka muhimmanci shi ne fiyus mai sake ƙonewa. In ka sa sabo ya tafi, kada ka sa na uku kana fatan alheri. Kashe duk abin da ke kan layin, ka sa sabo, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka taɓa fiyus ya mutu, shi ne mai laifi. In kuma ya ƙone alhali komai a kashe yake, to wayar ce ta ji rauni a wani wuri tana taɓa ƙarfe. Bar gurbin nan babu komai a ciki har sai ka kai ta wurin mai gyara na gaske, mai takardar shaida a bango, ba irina ba. Ka kuma tambayi kanka me ka yi na ƙarshe kafin abin ya fara. Sau da yawa amsar tana hannunka, da sukudireba a ciki. Kada ka huda bangon nan ko da ƙusar rataye hula ce.

Na jiyan ma ban bar shi haka ba. Yau da safe, kana wurin sallama da abokanka, na bi layin, na tarar ɓera ya ci rigar waya a bayan kabad ɗin kicin. Na yanke wurin, na sa sabuwa, na kira mutumin da ke gyara wa wurin aikinmu wuta ya duba bayana. Ya ce ya yi. Da ka yi masa dairek jiya, da wannan wayar za ka tafi da ita dutse.

Saura maganar alam ɗin hayaƙi. Ka shiga gidan duk Bahaushen da ke garin nan ka ɗaga kai sama, ko dai ka ga alam sanye da hular wanka, ko ka ga bakinsa a buɗe, batirinsa yana hutawa a kan firji. Namu ma haka yake, ni na hau kujera na cire shi ranar da Ummanka ke suyar ƙosai yana ta yi mata tsiwa. Ba ya son suya, ba ya son daddawa, turaren wuta kuwa gaba yake da shi. Na ga Ummanka ta cusa maka kasko da kwalbar turare a cikin bargo, tana tsammanin ban gani ba. Kada ka mayar mata, za ta yi kuka. Amma ka kunna shi a waje, ka turara rigarka a can, ka kashe garwashin da ruwa kafin ka shiga. Suya ma a waje. Na sa sabon alam a saman gadonka. In ya dame ka da ihu ka buɗe ƙofa ka yi masa fifita, ka zage shi in ka ga dama, ba ya jin Hausa. Batirinsa dai kada ka taɓa. Duk Juma'a ka danna maɓallin ka ji ya amsa.

Tagar da ke gefen gado mai jan hannu, ta gudun gobara ce. Fenti ya liƙe ta, na kankare na sa mata mai, yanzu da turi ɗaya take buɗewa. Na gwada fita ta nan don in tabbatar. Kai da kafaɗu sun wuce, tumbi ya ce shi ba ya zuwa ko'ina. Matar maƙwabcinmu tana ba furanninta ruwa, ta ɗago ta gan ni rabi a waje rabi a ciki, ta ce ko ta kira 'yan kwana-kwana. Kai za ka wuce, ba ka da abin da zai riƙe ka. Amma ka gwada da rana tsaka, jikinka ya san hanyar. Kada ka tara kaya a gabanta. Jar tukunyar kashe wuta tana bakin ƙofa, nan ne wurinta, ba ƙarƙashin tarin takalma ba.

Abu na ƙarshe, shi ne wanda na fi jin nauyin faɗa. Ka tashi ka ga ubanka ba ya yar da komai. Garejinmu cike yake da matattun fankoki da rediyoyin da nake cewa za a gyara. Ka ga yadda nake shafa kampar nan kamar doki. Ina tsoron ranar da za ka ji ƙaurin roba, maimakon ka fita sai ka tsaya neman inda yake, don kada ka zo ka ce da ni ta ƙone a hannunka. To ka ji daga bakina tun yanzu, na yafe ta. In ka ji ƙauri, fita tukuna, ka zare igiya da batir daga waje in hannunka zai kai. In ka ga harshen wuta kuwa, ko da tsawon yatsa ne a jikin bango, kada ka koma ɗaukar fasfo, ko kayan awon kamfani, ko bargon Ummanka. Ka yi nisa da tukunyar gas, ka tsaya can ka kalle ta ta cinye. Sannan ka taka zuwa wayar kan titi mafi kusa, ka kira 'yan kwana-kwana, ka kira gida. Ba sai ka yi mini bayani ba. Ka ce, "Baba, ni ne." Wallahi ba zan tambaye ka ko taya ɗaya ba.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare barcinka da farkawarka. Ya sa ka kwanta lafiya ka tashi lafiya a duk inda aka ajiye ka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Ka riƙe salla. Ummanka da Zulai suna gaishe ka, ko da yake ba su san na rubuta wannan ba, kuma ba sai Ummanka ta ji zancen kaskon ba.

Na bar ka a hannun Wanda ba ya barci.

Babanka,
Sule